Amsa ga mawaƙin da aka gayyata bikin kamun kifi na Argungu karon farko

Tambaya: Baba, ni mawaƙi ne daga Gusau. Mu 7 ne a ƙungiyata: mai fiyano, makaɗan kalangu 2, 'yan amshi 3, sai ni. Gidajen biki muka saba zuwa, amma bana an aiko mana goron gayyata mu yi wasa a bikin kamun kifi na Argungu. Yaya ake shiri, kuma me zan ɗauka? Mamin zan yi, wato in kunna waƙar da aka naɗa in riƙa bin ta da baki, ko kiɗa kai tsaye? Maganar kuɗi fa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka, ya sa ka shiga a sa'a. Zan faɗa maka abin da na sani, ni da na tsufa rataye da kalangu a filayen Kabi da na Zamfara. Amma kafin mu kai ga kaya da kuɗi, ka san cewa a gidan biki kai ake jira, a bikin gari kuwa kai ne mai jira. Uwar amarya ita ta kira ka, ita za ta sallame ka, in ka makara ita za ta yi ta bugo maka waya. A Argungu kifi aka zo kallo, sai sarakuna, sai gwamna da baƙinsa, sai 'yan kokawa da 'yan dambe. Sunanka yana can wajen tsakiyar takardar tsarin taro, wadda ita kanta ba a cika bin ta yadda aka rubuta ba. Za a ce maka ƙarfe 4, ka zauna har a yi magariba, sannan wani yaro mai kati rataye a wuya ya zo a guje ya ce, "Ku ne na Gusau? Ku hau yanzu, minti 10 gare ku." Duk abin da zan faɗa maka shirin wannan minti 10 ne, da na sa'o'in da za ka kwashe kana zaman jiran su.

Fara da waƙar kanta. Waƙar gidan biki doguwa ce, tana tafiya a hankali, kana jan ta muddin ana liƙi. Wannan ba za ta yi maka aiki a can ba sai ka sake mata gini. Ka sami gindin waƙa gajere, wanda mutumin da bai taɓa jin ka ba zai iya kamawa a karɓi na biyu. Ɗiyan waƙar kuma ka jera su bisa nauyinsu: wanda in ba a faɗe shi ba an yi laifi ya zo farko, wanda na ado ne kawai ya koma baya. Sannan ku yi gwajinta a tsawo 3, ta minti 4, ta minti 10, da ta kamar minti 25, don wata rana akasin abin da na faɗa ne ke faruwa, babban baƙo ya makara, a ce ku riƙe fili har ya iso. Kowane ɗan amshi ya san a kan wane ɗa ake tsayawa a kowane tsawo.

Abin da na ga ƙungiyoyi da yawa ba sa gwadawa shi ne sauka. Kowa ya iya ɗaukar waƙa, amma in mai gabatarwa ya tsaya a gefe yana nuna maka agogo, nan ne ake jin kalangu ɗaya ya tsaya, ɗaya yana ci gaba, mai fiyano yana waige-waige. Ku yanke alama guda, ko ka ɗaga hannun hagu ka dunƙule, ko ka juya ka fuskanci babban makaɗinka. Da an ga alamar, gindi sau 2, a dire tare. Ku maimaita wannan a gida har ya zama ko daga tsakiyar ɗa aka tsayar da ku, mai sauraro zai ɗauka nan waƙar ta ƙare da ma.

Aikin da ya fi kowanne cin lokaci shi ne na sunaye, kuma na lura ba ka ambaci sanƙira a cikin mutanenka ba. Nemi ɗaya, ko da aro ne, kuma in so samu ne ɗan ƙasar Kabi wanda ya san fuskoki. Aikinsa ya fara tun kafin naka: ya bi masu shirya taro ya samo wa zai zo, wa ya aiko wakili, wa aka naɗa sabuwar sarauta tun bara. Masarautun Jihar Kebbi 4 ne, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Sarkin Gwandu ne shugaban majalisar sarakunan jihar, mai masaukinka kuma Sarkin Kabin Argungu ne, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera. In Sarkin Musulmi yana wurin, ka san ba a fara kiran kowa kafin shi. Ka kuma riƙa cika sunan sarautar, don akwai Sarkin Kabin Yabo, akwai Sarkin Kabin Jega, ga kuma hakimai birjik da kowannensu yana da mutanensa a cikin rumfa suna kasa kunne. Mutum zai yafe maka in muryarka ta shaƙe. In ka kira shi da sarautar da ba tasa ba, ko ka sa na ƙasa da shi a gabansa, sai a shekara ana tuna maka.

Akwai kuma tarihin da dole ka sani kafin ka buɗe baki a wannan fili. Kabi ƙasar Kanta ce, wanda ya zauna a Surame tun ƙarni na 16. Bayan jihadi Kabawa suka rasa Birnin Kabi, daga baya suka kafa zama a Argungu, kuma kusan duk ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Bikin da kake shirin zuwa ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Ke nan biki ne na sulhu. Me ya kawo wannan cikin maganar kiɗa? Tsofaffin kirarai na yaƙi suna nan a bakin mutane, kuma suna da daɗi, wasu har tsikar jiki ke tashi. Yaro zai ji su a wajen wani dattijo, ya ɗauka ya zuba a waƙa, bai san a cikinsu akwai zambo ga kakannin mutumin da ke zaune a kujerar gaba ba. Makaɗan fada sun san wanda ake faɗa da wanda ake haɗiyewa a irin wannan rana, kai baƙo ba ka sani ba. Ka yabi Kanta, ka yabi ruwa da shinkafa da giwan ruwa, ka yabi zumunci, ya ishe ka. In ka isa garin da wuri ka leƙa gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fada ce, masu kula da wurin za su jero maka sarakunan Kabi yadda suke. Habaicin siyasa kuma ka bar shi a Gusau. Tun da UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka kuma dawo da shi a watan Maris na 2020 bayan ya yi shekaru a ajiye, ido ya ƙaru a kansa. Duk abin da ka furta wayoyi sun ɗauka, kafin ka sauka yana Facebook da TikTok.

Kada kuma rumfar manya ta ɗauke maka hankali ka manta masu fili. Kuɗi a rumfa suke, gaskiya ne, amma shewa tana wajen masunta. Ka ba Sarkin Ruwa ɗansa, ka ba Homa, shugaban masunta, nasa, ka kira masu gora da homa na Augie da Gulma da Kangiwa da Kamba, ka gai da baƙin da suka ƙetaro daga Nijar. Akwai Arawa da Zabarmawa da Dandawa a cikin taron, ko "fofo" kawai ka jefa wa Zabarmawa za ka ji gefensu ya amsa. Harshenka na Zamfara kuma kada ka gyara shi ka koma Kananci don ka ga kyamara, a Kabi bakinka na gida ne. Sannan ka gina ɗa guda mai gurbi a cikinsa, inda za ka jefa sunan wanda ya ci gasar da garinsu da nauyin kifinsa. Kamun ba ya wuce kamar awa ɗaya daga harba bindiga, sai a koma awo. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. In wasanka bayan kamu ne, sanƙiranka ya tsaya kusa da sikeli. Mawaƙin da ya fara sa sunan gwarzon shekara a waƙa, alhali jikin mutumin bai gama bushewa ba, shi za a yi ta maganarsa a motocin komawa gida.

Yanzu kalangai. An saba yin bikin tsakanin Fabrairu da Maris, wato ƙarshen hunturu, bakin bazara, kuma babu lokacin da ya fi wahalar da fata kamarsa. Da asuba a bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun, akwai sanyi da danshin ruwa, fata ta saki, kalangu ya yi murya kamar mai mura, ka matsa tsarkiya iya ƙarfinka ba ya hawa. Da rana ta take, zafi ya doshi digiri 40, iska ta bushe ƙayau, fatar nan ta ɗaure tamau, bugu ɗaya mai ƙarfi sai ka ji ta yi ɓarak. In ka fito da sassafe za ka ga tsofaffin makaɗa a tsugune gefen mai shayi, kowa ya kara fuskar gangarsa ga garwashi, yana juya ta a hankali, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kai kunne. Ka lura da nisan da suke bari, kamu 2 ko fiye, kuma tafin hannunsu ba ya barin fatar. Zafin da hannu bai iya jurewa, fata ma ba za ta jure ba. Da sun ji muryar ta tashi sai su janye su lulluɓe da zane. Da rana kuma aikin ya juya, inuwa ake nema. Kada a jingine kalangu a kan yashi mai zafi, kada a ɗaure shi a saman mota, kada a bar shi cikin motar da aka rufe gilasanta.

Kowane makaɗi ya tafi da kalangu 2. In babu hali, a tafi da fata ɗinkakkiya a kan kirinyarta, da tsarkiya ta canji, da basilla, da makaɗi na biyu, wato sandar bugu, don ita ta fi komai saurin ɓata a cikin turmutsitsi. Kwana kaɗan kafin tafiya a bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya a shafa mata man kaɗe kaɗan, wadda ta fara tsagewa a canza ta tun a gida. Sabuwar fata kuma kada ranar biki ta zama ranarta ta farko, a ɗaura ta da wuri a yi ta bugu har ta zauna.

Fiyano ba ta san danshi ba, ƙura da wuta ne abokan gabarta. A rufe ta da mayafi har sai za ku hau. Wutar filin daga janareto take, kuma sau da yawa janareton da ke ba ku shi ke riƙe da manyan fitilu da firjin masu lemo. Da an kunna fitilu bayan magariba wuta ta yi ƙasa, fiyano ta ɗauke, ta dawo ta manta duk abin da aka saita mata. Ku tafi da sitabilaizarku, da doguwar wayar wuta taku, da filashi 2 masu ɗauke da kiɗa iri ɗaya, ɗaya a aljihun mai fiyano, ɗaya a naka.

Mutumin da ya fi kowa iko da kai a wannan rana ba ya cikin rumfa, yana zaune bayan na'urar haɗa sauti, rana ta gasa shi tun safe, kowa na yi masa tsawa. Je ka gaishe shi da wuri, ka kai masa ruwa mai sanyi, ka faɗa masa ku nawa ne da abin da kowa ke riƙe da shi. Ka roƙi ko minti 5 na gwaji kafin jama'a su cika. Ba kullum ake samu ba, shi ya sa nake cewa ka tafi da makirfo naka na kanka mai waya, wanda ka san halinsa, da soson da ake sa masa saboda iska. Maras waya yana da daɗin yawo, amma batir yana mutuwa, kuma a filin da ake da makirfo iri-iri da na'urorin jami'an tsaro yakan yi ta yankewa. Makaɗan kalangu ka hore su su tsaya wuri ɗaya. Sun saba yawo suna bin masu liƙi, a nan kuwa da sun gusa daga bakin makirfo, na nesa ba ya jin komai sai fiyano. 'Yan amshi su matso da baki kusa, kada kowa ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu, kuma kada a juya shi ya kalli lasifika, nan ne wannan kukan mai huda kunne ke fitowa.

Ga wani abu da gidan biki bai koya maka ba. Sauti tafiya yake yi, kimanin mita 340 a daƙiƙa. A babban fili akan kafa lasifikoki can nesa, wata ta kai mita 100 daga inda kuke, ga kuma bangon rumfa yana maido da amo. Abin da kuka buga zai dawo kunnenku a makare, da kusan sulusin daƙiƙa. Makaɗin da bai saba ba sai ya bi wanda ya dawo, ya ja baya, na kusa da shi ma ya ja, kafin ka ankara waƙar da kuka ɗauka da gudu ta koma tafiyar hawainiya. Maganinsa ku roƙi lasifika ɗaya a gabanku tana kallon ku. In ba a samu ba, ku matsu wuri ɗaya ƙugu da ƙugu, kowa ya sa ido a hannun babban makaɗi, ya toshe kunnensa daga abin da fili ke maido masa. Kuna iya gwada wannan tun a Gusau: ku je filin makaranta da yamma, ku kai lasifika ɗaya can ƙarshen fili, ku yi kiɗa ku ji yadda abin yake.

Maganar mamin, ra'ayina zan faɗa, ka ɗauka ko ka bari. A gidan biki ban ga laifinsa ba, mata suna son su ji waƙar yadda take a wayarsu. A bikin gari kuwa kana tsakanin mutanen da ke kaɗa kotso da kalangu da hannunsu tun suna yara, kuma jama'ar wurin sun san bambanci. Ban da haka, waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo ba ta karɓar sabon suna, ba ta gajarta, ba ta tsawo, alhali duk abin da na faɗa maka a sama a kan waɗannan yake. Na taɓa tsayawa a wani fili a ƙasar nan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Yaran da ke sama sun yi kyau, shiga iri ɗaya, rawa a tsare, sai ga su tsaye baki buɗe, ba sauti. Aka yi musu ihu har suka sauka. Kafin a gyara injin, wani dattijo da 'yan karɓinsa suka shigo da kotsonsu, ba makirfo ba komai, jama'a suka yi tsit suka matso. Tun da kana da mai fiyano da makaɗa 2, ba ka da uzuri, yi kai tsaye. Kuma kowace waƙa ku gwada ta sau da yawa da kalangu da baki zalla, yadda in wuta ta tafi fiyano ce kawai za ta yi shiru.

Muryarka kuma tun mako guda kafin tafiya za ka fara tattalinta. Kada ka karɓi bikin kwana a daren da za ka kama hanya, komai kuɗinsa. A mota ka naɗe hanci da baki da rawani ko ƙyalle saboda ƙura. Ruwa ka yi ta sha kaɗan-kaɗan tun safe, na randa ko wanda bai yi sanyi sosai ba, ban da mai ƙanƙara. Ni abin da na saba shi ne ruwan ɗumi da citta da kanumfari da ɗan zuma a fulas. Fura da nono ka bari sai an sauka, tana sa nauyi da kaki. Tuwon shinkafa da kifin Argungu ba a ƙin su, amma ka ci awa 3 kafin lokacinka, kada ka hau da cikakken ciki. Abin da ya fi cinye murya a ranar ma surutu ne: gaishe-gaishe da tsofaffin abokai a cikin hayaniya, kana ɗaga murya ba ka sani ba, ka yi awa 5 kana haka. Ka gaisa, ka koma inuwa ka yi shiru, sanƙira ya yi maganar.

Ka sa ido a kan yaranka. Dogon jira shi ke kai yaro wajen masu ƙwaya, a ce masa tana ƙara kuzari. Wanda ya sha taramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigowa da shi tun 2018, hannunsa ba ya zama daidai da na sauran, ko ya yi gaggawa ko ya yi nauyi, kuma shi a ransa gani yake bai taɓa kiɗa mai kyau irin na yau ba. Filin cike yake da jami'an tsaro, in aka kama ɗaya, sunan ƙungiyarka za a kira.

Ku isa kwana ɗaya kafin ranarku. Masauki yana wuya a Argungu lokacin biki, da yawa a Birnin Kebbi suke kwana su yi sammako, tafiyar kamar awa ɗaya ce, amma ranar da manya za su zo akan tare hanya, sai ka ga makaɗi yana saɓe da kaya yana sassarfa a ƙasa. Gara ɗaki ɗaya a cikin gari ku kwanta a tabarma. Da kun sauka, kafin komai, ka nemi sarkin makaɗan garin ka kai gaisuwa da ɗan goro. Ba a shiga garin mutum da ganga a wuce shi, kuma shi zai faɗa maka abin da takarda ba ta faɗa ba, har masaukin ma yana iya samo maka. Ka karɓi katin shiga na kowa da kowa, har yaron da ke ɗaukar kaya. Ka tambayi masu shirya taro ƙa'idar wurin a kan rawa da shiga, don Kebbi ma akwai Hisba kamar yadda kuke da ita a Zamfara. A fili kuma abu 2 ke tsayar da kiɗa nan take ko kana tsakiyar ɗa: kiran salla, da isowar sarki. Da ka ji kakaki da tambari, fili ya koma hannun makaɗan fada, ka dire ka rusuna, sai an zauna an ba ka dama.

Saura kuɗi. Goron gayyata ba yarjejeniya ba ne. Ka nemi a rubuta: nawa ne, wa zai biya mota da masauki da abinci, sau nawa za ku hau, kuma wane mutum ne takamaimai zai sa hannu a fitar da kuɗin. Ka karɓi kafin alƙalami wanda aƙalla zai kai ku ya dawo da ku, tun kana Gusau. Kwamitin biki yana watsewa da an tashi, wanda ya yi ta kiran ka da "maigida" jiya, gobe wayarsa a kashe take, ba lallai don mugunta ba, shi ma wani yake jira ya sa hannu. Ka riƙe kwafin takardarka.

Liƙi kuma ya canza. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wajen biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka. A filin da ke cike da kyamara da manyan jami'ai, masu kuɗi da yawa ba za su tashi su yi liƙi yadda ka saba gani ba. Ka tanadi faranti ko ƙwarya mai kyau, yaro ɗaya amintacce ya riƙe, mai kyauta ya ajiye a ciki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma kowa ya koyi tura kuɗi ta waya, saboda haka lambar asusun ƙungiya ta kasance a rubuce a ƙananan katuna a aljihun sanƙira. Ban so mawaƙi ya tsaya a gaban sarakuna yana karanto lambar asusu a makirfo, yana zubar da girma. Manya da yawa ma ba a fili suke kyauta ba, cewa za su yi "a same ni a masauki". Sanƙira ya rubuta wa ya faɗa, ina ya sauka, ku je a daren ko da sassafe kafin ayarinsa ya tashi.

Rabo a yi shi a daren, a gaban kowa, ƙofa a rufe. A zube abin da aka samu, a karanto abin da ya shigo ta waya, a fara cire kuɗin mota da abinci da gyaran kaya, sannan a raba bisa ƙa'idar da kuka yanke tun a gida. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, yawancinsu a kan kuɗin da aka ce "sai mun koma gida" ne suka watse. Kyautar da aka ba makaɗi shi kaɗai, aka kira sunansa aka sa masa a hannu, ku yanke tun yanzu ko tasa ce ko ta taro, don ita ce ke fara kawo gunaguni.

Hanya kuma ka fi ni sanin halin da take ciki. Daga Argungu ka fito Sakkwato, ka bi ta Tureta da Talata Mafara da Maru da Bunguɗu kafin Gusau, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce a shekarun nan, komai gajiya, komai son gida. Ku kwana, a zuba tsabar kuɗin a asusu wajen mai POS tun a Argungu, ku tashi bayan rana ta fito, a tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin a kama ta. In kana da wani biki a Gusau washegarin wasanka, ka kira su tun yau ka ce a matsar da shi gaba da kwana ɗaya.